Gonar Barmu da Bukin Ƙawata

Gonar tana arewa da Barmu, a gindin dutse, inda ƙasa take ja kamar an toya ta. Lokacin da aka kawo ni gidan miji fako ce, ko ciyawa ba ta yarda ta tsiro a kanta. Ni da uban yarana, Allah ya ji ƙansa, mu muka tashe ta. Da rani yana haƙa tassa, ƴan ramukan nan da ake yi don su riƙe ruwan sama, ni ina bin sa da ƙwarya ina zuba taki cikin kowane rami. Duwatsun da muka tsince muka jera su layi-layi don kada ruwa ya gudu da ƙasa. Mutane suna wucewa a kan jakuna suna ce mana, "Sannunku da noman dutse." Muka ci gaba da haƙa. Shekara ta bi shekara har ta soma cika mana rumbu, itatuwan gawo suka tsiro a cikinta, muka bar su suka girma.

Bayan rasuwar maigidana, babban yaron, wanda bakina ba ya faɗin sunansa, ya ce zai tafi biɗa, neman kuɗi a ƙasar waje. A ƙasarmu ta Adar wannan ba labari ba ne. Gidan da ba shi da namiji a Abijan ko Libiya shi ake tambaya ko lafiya. Ya zaɓi Libiya. Kuɗin mota zuwa Agadas da na ƙetare sahara ba mu da su, sai muka jinginar da gonar ga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Tawa, a kan jikka ɗari da hamsin, wato sefa dubu ɗari da hamsin. Sharaɗin jingina kowa ya san shi: mai kuɗi ya noma ya ci amfani, ranar da aka mayar masa da kuɗinsa gona ta koma ga masu ita. Ba a rubuta komai ba. Tsofaffi biyu na garinmu suka shaida, aka shafa fatiha, yaro ya ce kafin kaka ta zagayo sau biyu zai aiko.

Na tattara ƙananan na dawo Tawa, na kama ɗaki a bayan kasuwa, ina tuyar ƙosai da safe. Da fari ya ɗan aiko, muka ci. Daga baya sai waya kawai: "Inna, ku ƙara haƙuri, aiki ya tsaya." Daga baya wayar ma sai an daɗe.

Ni ban san ranar da bashi ya shigo ɗakina ba. Tiya biyu ta hatsi wurin mai shago, sai ranar kasuwa. Man tuya, sai na sayar. Ƙaramar ta kwanta zazzaɓi, likita ya rubuta magani, na ɗauko daga asusun matan unguwa, wanda ake biya mako-mako da ɗan abin da ke hawa kansa. Ranar zubi ta zo hannuna wayam, na ranta wurin mai ɗaki na zuba. Mai ɗaki ta tambayi nata, na karɓi wake bashi na sayar da rabi na ba ta. Na zama mai ɗinkin tsohon zane, in na kama nan sai can ya yage. Har hanya na sake. Na daina bi ta gaban shagon, ina zagayawa ta bayan masallaci da tire a kai.

Ana cikin haka mai hatsi ya aiko in zo. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, shekarun nan duka bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na same shi zaune a kan buhu yana jan casbi.

"Inna, bana Allah ya kira ni, zan tahi Makka," in ji shi. "Ba ni son in bar magana rataye. Yaranga nawa sun hwara ce ma gonar nan taku gonar Baba. Cikin shaidunku guda ya riga mu gidan gaskiya, gudan kuwa tsuhwa ya kama shi, abin da ya ci da sahe ba shi tunawa. In na komo, kahin ruwan shibka, ko ki kawo kuɗina ki amshi gonarki, ko in ƙara miki wani abu a kira mutane a mai da ita saye. Wanga zaman tsakiya shi ka kawo hwaɗa bayan ranmu."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ciwo. Na yi masa fatan a sauka lafiya, na fito. Yarana ba su gaji komai daga ubansu ba sai wannan jar ƙasa. Na kuma ga ƴan biɗa da yawa da suka dawo da jaka ɗaya da tari a ƙirji. Wanda ya tarar da gona ya tarar da wurin tsayawa. Wanda bai tarar ba sai ya sake juyawa, wannan karon ba a cika ganinsa ba.

A lokacin ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci da la'asar, can na koyi wannan rubutun da nake yi. Wata rana malamarmu ta ce mana wata ƙungiyar taimako ta buɗe ɗaki kusa da kasuwa, ranar Lahadi, ana ba masu fama da bashi shawara kyauta. Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Shawara? Da wace miya ake cin ta?" Wata ta ce, "Ran da sunka hwara rabon kuɗi a tashe ni." Babu wadda ta ce za ta je. Ranar Lahadi da na isa, na tarar da uku daga cikinsu a kan benci, kowacce ta ja hijabi har hanci, kowacce ta ce rakiya ta yo. Ni ma na ce rakiya na yo.

Mai ba da shawarar tsohuwar malamar lakkwal ce, makarantar boko, da ta ajiye aiki, Kirista, daga kudu wajen Maraɗi. Aiki ya kawo ta Tawa tun tana budurwa, ta zauna. Daga majami'a take wucewa can kai tsaye da ɗankwalinta na Lahadi, kowa Madan yake ce mata. Ina shiga, tun ban gama gaisuwa ba, ta ce, "Ƴar'uwa, kafin ki zauna: ba na ba da kuɗi, ba na kuma karɓa. In kin yarda da haka, ga kujera."

Na zauna. Ta ce in faɗa mata duk wanda ke bi na, har na gishiri. Ban taɓa jera su a baki ɗaya ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na soma a hankali. Ba ta yi salati ba, ba ta kaɗa kai ba, tambaya kawai take yi: wannan yaushe ake biya, wannan yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake. Da na gama ta ce bashi kamar karnuka ne, akwai mai cizo, akwai mai haushi, akwai wanda yake kwance. Na asusu mai cizo ne, don kullum hawa yake yi. Na mai shago da na mai ɗaki haushi ne, ba su kai yadda nake tsoronsu ba. Na gona shi ne kwance, amma ranar da ya tashi da komai zai tafi.

Abin da ta yi mini ba zan rage shi ba. Da ƙafarta ta raka ni wurin shugabar asusu, ta yi magana a tsanake har aka yarda a tsayar da abin da ke hawa, a ja mini lokaci. Ta raka ni wurin mai shago, aka yanka ɗan abin da zan riƙa kawowa kowace ranar kasuwa, ba sabon bashi. Ni ina tsaye a bayanta kaina a ƙasa. Mai shago ya ce, "Madan, ni dai ki ce mata ta bar zagaye ta bayan masallaci. Ƙahwarta nike tausai, takalmi sun hi hatsina tsada." Ashe duk yana ganina. Ranar na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Saura gona. Da na koma, Madan ta ce, "Me kike da shi mai ƙafa huɗu?" Na ce tumaki biyu, suna wurin wani Buzu makiyayi wajen Takanamat. Ta ce mai ƙafa huɗu da ba ya tafiya fa? Na ce gadon ƙarfe na aurena. Ta dubi abin da ta rubuta, sannan ta ɗago.

"Kin ce mai shago yana bin ki kuɗin dusa. Tumakinki suna daji. Wa ke cin dusar?"

"Rago na, Madan, shina ɗaure bayan ɗaki. Amma ba nawa ba na. Na buki na."

Dole a nan in faɗi wace ce ƙawata. A rani ɗaya aka kawo mu amare Barmu, ita daga Kalfu. A bakin rijiya muka haɗu, ta dube ni ta ce wannan in ba a riƙe mata guga ba rijiya za ta ja ta. Ba a daɗe ba ta aiko mini goro, muka ƙulla ƙawance. Ita mai baki ce, ni ba ni da shi, takan ce Allah ya ba mu baki ɗaya mu raba, ta riga ni ɗauka. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari. Da na yi takaba ta bar gidanta ta zauna tare da ni, ita ke daka, ita ke korar masu zuwa gaisuwa da dogon surutu. Ita ma daga baya ta dawo Tawa, can ɗaya gefen gari. Mijinta yana Abijan, ya daɗe da zama labari.

Buki kuwa shi ne abin da ƙawa ke kai wa ƙawa ranar suna ko aure, maroƙiya ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Abin da aka kawo miki, in sha'anin mai kawowa ya zo, ninkawa kike yi. Ita ta fara, da dala ashirin, a sunan babban yarona. Na ninka a nata, ta ninka a nawa. Muna yara, abin dariya ne, kuɗin sabulu. Amma haihuwa ba ta tsaya ba, aure ya biyo baya, har a auren ɗiyata ta kawo jikka arba'in, aka yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Yanzu autarta za a aurar bayan Layya, tamanin ke kaina. Don shi na sayi ɗan rago tun yana ƙarami, ina hana bakina ina ba shi.

Na gaya wa Madan duk wannan. Ta ajiye abin rubutunta.

"Na ce ki faɗa mini duk wanda ke bin ki, har na gishiri."

"Wanga ba bashi ba na, Madan. Buki na."

"Ranar da ba ki kai ba, me zai faru?"

Na sunkuyar da kai.

"To, ashe shi ya fi duka cizo," in ji ta.

Ta yi lissafi a gabana, ta sa na bi da yatsa don in gani da idona. A shekarun nan Layya a bakin damina take faɗowa, rago yana da daraja. In an sayar da shi da tumakin da gadon, za a samu kuɗin gona, jikka arba'in su yi saura. Arba'in, ba tamanin ba. Ta juya lissafin ta kowace fuska, bai ƙaru ba.

"Ki mayar mata da arba'in ɗinta," ta ce. "Ba ki ci mata ko dala ba. Babu alƙalin da zai kira ki a kan wannan."

Na ce mata ba alƙali nake tsoro ba. A wurinmu, in kin mayar wa ƙawa daidai abin da ta kawo, ba ƙari, kin faɗa mata a gaban jama'a cewa kin wanke hannu. Gara ki ƙi zuwa a ce ba ki da lafiya. Madan ta ce ta sani, uwarta ma ta yi buki. Ta ce amma ai mata suna karya shi in ya yi nauyi, su koma ƙasa su sake farawa. Na ce haka ne, sai dai wadda za a kawo wa ita ke da bakin cewa a karya. Wadda ta riga ta karɓa ta ci ba ta da wannan bakin.

Madan ta ce, "Ni lissafi na iya, ƴar'uwa, ba ni zan zaɓa miki ba. Amma kada ki bari ta ji a bakin maroƙiya. Je ki gaya mata tun yanzu. Wadda ta yi miki zaman takaba za ta ji."

Na je da hantsi. Tun daga ƙofar gida ta hango ni.

"Ga mai tahiyar hawainiya! Tun jiya kinka taso, ko? Shigo, ja'ira, zo ki ga abu."

Ta ja hannuna zuwa ɗaki. Katifa sabuwa jingine da bango, ba a ko cire mata leda ba. Kwanonin jere masu fure, manya da ƙanana, tabarmar roba, labule. Tana ɗaga kowanne tana juya shi a gabana kamar jariri.

"Duka wurin mai kaya na ɗauko, ban ba shi komi ba tukun. Yana ta ɓata rai, na ce mishi kwantar da hankalinka, ni ina da ƙawa. Bukinta kaɗai ya biya katihwa da kwanoni. An ce ragonki ya yi wuya kamar ɗan sarki, ko gaisuwa ba shi amsawa."

Ta dama mini hura, na riƙe ludayin ban kai baki ba. Na ce, "Ƙawa, magana na zo da ita." Na faɗa mata maganar mai hatsi, da shaidan da ya rasu, da ruwan shuka. Na faɗa mata lissafin. Na ce arba'in za su samu ranar buki, sauran in Allah ya kai mu kaka.

Ta yi dariya har da buga cinya. "Ke da ba ki iya wasa ba tun kina yarinya, kada ki hwara da tsuhwa."

Ban yi dariya ba. Ta dube ni, dariyar ta sauka a hankali.

"Wa ya ba ki wanga karatu? Matar nan ta bakin kasuwa?"

"Lissahi kawai ta yi mini."

"Lissahi." Ta ajiye kwanon da ke hannunta. "Kin san inda arba'in ɗin nan ta hito? Akuyata mai ciki da ƴan kunnen uwata. Ban yi kuka ba, na ce na san inda na aje su. Mai kaya ba shi jiran kaka, maroƙiya kuwa ba ta kiran alkawari. Dangin uban yarinyar ga ido sunka zuba su ga abin da matar da aka bari za ta iya. Gona ƙasa ta, ƙawa, ba ta gudu. Ranar ɗiyata guda ta."

Na ce, "Wagga tana gudu."

Ta share fuska da gefen zane, ta sake yin murmushi, ta tura mini ƙwaryar. "Sha hurarki. Shaiɗan na ya shiga kanki, zai hita. Na san ki. Ran bukin ki sa zanen nan shuɗi, shi ka ɓoye ramarki." Har ƙofa ta raka ni tana yi mini tsiya a kan tafiyata. Ta gaskata zan kawo tamanin. Ni ma a kan hanya ban san abin da zan kawo ba.

Kafin Sallah na sayar da ragon. Buzun ya koro tumakin, su ma suka tafi. Gadon wata mai shirin aurar da ɗiya ta saya, aka fitar da shi ta ƙofa a karkace, muka koma tabarma. Mai hatsi yana Makka, babu wanda zan miƙa wa kuɗin in huta. Na ƙulle su a tsumma, ƙulli biyu, babba da ƙarami, na ɗaura a ƙugu. Ɗakinmu ba shi da makulli na kirki, don haka ranar bukin da su duka na tafi.

Gidan ya cika da mata. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ƙawata tana zaune da faifai a gabanta, maroƙiya tana tsaye a kanta tana kiran abin da kowa ya kawo. Zafi ya yi nauyi irin na gab da ruwa, gabas ta soma haɗa baƙi. Ina zaune a gefe cikin shuɗin zanen, ina jin ƙullin nan biyu suna danna mini ciki. Da zan ce ban taɓa babban ba, da na yi ƙarya. Hannuna ya je kansa ya dawo ba sau ɗaya ba. In na zare arba'in daga cikinsa, za a yi guɗa, ƙawata ta tashi ta rungume ni, mai kaya ya samu nasa. In na ɗaga ido kuma sai in ga hadarin nan.

Ƙawaye na kusa su ake bari ƙarshe. Maroƙiya ta juyo ta nuna ni. "Ga wadda ake jira! Ga ƙawar ƙwarai, ta rijiya guda, ta turmi guda! Taso, uwar amarya ta biyu!" Mata suka buɗa mini hanya. Na durƙusa, na kwance ƙaramin ƙullin, na miƙa.

Ta ƙirga. Ta tofa yawu a yatsa ta sake ƙirgawa. Ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Inna, da saura?"

Na ce, "Ke nan."

Ta dubi ƙawata. Ƙawata ba ta dube ni ba, faifan take kallo. Ta ce, "Hwaɗi mana. Mi kike jira?"

"Ƙawar uwar amarya, jikka arba'in."

Babu wadda ta yi guɗa. Yawancin matan nan suna wurin auren ɗiyata, da kunnensu suka ji arba'in ta farko, ba sai an yi musu bayani ba. Wata gwaggon amarya ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Ashe sallama anka zo yi." Ƙawata ta karɓi kuɗin ta sa a faifai ta ce, "An gode, Allah shi saka da alheri." Sannan ta juya ga matan da ke rabon abinci ta ce, "A zuba wa baƙuwa shinkahwa kahin ta tahi."

Aka zuba mini. Na zauna na ci loma biyu don kada a ce na yi fushi, na wanke hannu, na nemi takalmina a cikin tarin takalma na fita. Babu wadda ta raka ni.

Mai hatsi ya dawo da hular Makka da tari. Madan ta ce kada in biya shi a kasuwa, a yi a gaban maigari, a rubuta. Haka aka yi. Aka ɗauko tsohon shaidan a amalanke, ya zauna yana gyaɗa kai, ban san ko ya gane abin da ake yi ba. Alhaji ya ƙirga kuɗinsa ya ce ya karɓa, ya ba ni dabino da ɗan ruwan zamzam a kwalba, ya ce Allah ya sa albarka. Gona ta dawo.

Na je na gan ta. Ƴan ƙodagon da suka noma ta shekarun nan ba su zuba mata taki ba, wa zai ciyar da gonar da ba tasa ba? Tassa sun cike, jerin duwatsun ya watse, an sassare rassan gawo an ba dabbobi. Ja ya soma dawowa ta gefen dutse. Da ruwa ya sauka ni da ƙananan muka shuka abin da ƙarfinmu ya kai, wajen rabi, muna kwana gidan ƙanen ubansu, ranar kasuwa in koma Tawa in yi tuya in kai wa mai shago nasa. Da babban yaron ya kira na gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna." Sannan ya ce, "Wa zai nome ta?" Kafin in amsa wayar ta yanke.

Labarin ƙawata a bakin wata mai tallar nono na ji shi, wadda ke shiga unguwarsu da tamu. Mai kaya ya jira abin da zai iya jira, sannan ya je da amalanke har ɗakin amarya, ya ɗauke katifa da rabin kwanonin, dangin miji suna tsaye suna kallo. An ce ƙawata ta yi kwanaki ba ta fita ko ɗibar ruwa ba. Na kai wa Madan wannan labari. Ta ce, "Ki ce mata ta zo, za mu je wurin mai kayan tare." Na ce da wane bakin zan ce mata? Madan ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce wannan ba ta da lissafinsa.

Kaka ta zo, ba ta yi yawa ba, amma namu ne. Damin farko da na sussuka na sheƙe, na cika kwano har baki na rufe da faifai, na ɗauka da kaina zuwa ɗaya gefen gari. Na yi sallama. Surukar ƙawata, matar ɗanta, ta fito ta ce ba ta nan. Takalmin ƙawata suna bakin ƙofar ɗaki, na san su, ni na raka ta sayen su. Na ce to, a ba ta wannan, sabon hatsi ne na gonar. Na ajiye na juyo.

Ba a yi mako ba mai tallar nono ta shigo da kwanon a kan ƙwaryarta, ta sauke ta ce an ce a kawo mini, an gode. Na ɗaga faifan. Hatsi ne a ciki, ba nawa ba, tsoho ne na kasuwa, wanda na san sai da ta ci bashi ta saye shi. An cika shi har baki an share da hannu, daidai inda nawa ya tsaya, babu ƙari, babu ragi.

Mai nono tana tsaye tana jira ko akwai saƙo. Na ce babu. Da ta fita na zuba shi a turmi na surfa, na yi mana tuwo da shi, don hatsi ba shi da laifi, kuma ba mu da wanda za mu zubar.